Girkin Tsohuwar Ilufeju

Tun asuba ruwa ke zuba,
kwatar layinmu ta tumbatsa,
danfo na haki a titin Agege,
ni kuwa yau ban fita ba.
Kwana uku Barira na zazzaɓi,
ta ƙi koko, ta ture shayi,
uwarta ta rafka tagumi a bakin gado.
Na ce, Tasalla, ba ni risho.
Ta dube ni kamar na ce ba ni jirgi.

Can ƙasan jakata akwai ƙulli,
wake ne mitsi-mitsi, ruwan ɗorawa,
ɓararre, ba ido, ba hanci,
dal suke ce masa a gidan da na yi tuƙi.
Shekara goma sha ɗaya ina jan motarsu,
daga Ilufeju zuwa Apapa, a dawo,
ranar da taifot ta kayar da ni a gareji
tsohuwar gidan, Sarla, ta sauko da kwano.
Ba ta jin Hausa, ba na jin nata,
ta nuna bakina, ta nuna cokali,
ta tsaya a kaina har na sha.

Daga baya na tsaya ƙofar kicin ina leƙe,
da ido na sace girkin, ta sani, ta ƙyale.

Gwangwani ɗaya na shinkafa,
gwangwani ɗaya na dal,
a wanke har ruwan ya daina fari.
Ruwa ya fi na dafa-duka yawa,
kurkum kan ɗan yatsa, gishiri,
citta ɗanya a daka, a rufe.
Wuta kaɗan. Ba a yi mata gaggawa,
wannan ba tukunyar ’yan tasha ba ce.

An ɗauke wuta, janareton maƙwabta ya tashi.
Tukunya na magana ƙasa-ƙasa,
ɓal, ɓal, kamar tsohuwar tana mita.
Tasalla ta ɗaga murfi ta taɓe baki:
Wannan ai garau-garau ne ya ji jiki,
ko fate ne ya ɓata hanya?
Na ce jira, ba a kai ga maganar ba.

Man shanun da Inna ta aiko daga Gumel
na narka a ludayin ƙarfe,
na watsa ’yan ƙwayoyin da take kira jira,
kanumfari biyu, tafarnuwa, busasshen barkono.
Suka yi tsalle, suka yi ƙara,
na juye a tukunya, cuuu!
Ƙamshi ya fita ta taga ba sallama,
ya bi baranda ɗaki-ɗaki.
Iya Rofiya ta leƙo da zani a ƙirji:
Malam, me ka dafa haka ba manja?
Ina tattasai? Ina nama?
Ta ɗanɗana, ta yi shiru,
ta koma ta dawo da kwanonta.

Bara suka sayar da masana’anta.
Ni na kai su filin jirgi a Ikeja,
ta danƙa mini ƙullin nan ta tagar mota,
ta ce wani abu mai tsawo.
Har yau ban san me ta ce ba.
An ce garinsu ma bakin teku ne,
an ce can ma ruwa kan shiga gidaje.

Na zuba a ƙaramin kwano,
na ɗora kindirmo a gefe,
na hura, na hura.
Barira ta shinshina ta kau da kai.
Na nuna bakinta, na nuna cokali.
Ɗaya.
Biyu.
A na huɗu ta ce, Baba, gishiri bai ji ba.
Uwarta ta tuntsire da dariya
har da hawaye,
ta miƙe ta ɗauko gishirin.

Ƙullin ya rage na girki ɗaya.
Ruwa bai tsaya ba.